Jagorar Rage Kuɗin Wuta, Fetur da Gas a Gida, Mataki-Mataki

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sai mutum ya taɓa aljihu sau biyu kafin ya ja igiyar janareta. Ba a cika shekara ba kuma, a watan Afrilun 2024, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan awanni a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225. Daga baya an ɗan sassauta, ya dawo wajen naira 209. Ma'ana, naira dubu biyar da a da take sayen yunit kusan 70, a wannan farashin ko 25 ba ta kaiwa.

Abin da ke damuna shi ne, a gidaje da yawa ana yin faɗan tattali a inda babu kuɗin. Maigida zai shigo yana ta sababi don an bar caja a soket, alhali hita na cikin bokiti tun kiran assalatu, firiza ta cushe da ƙanƙara, sumo, injin jawo ruwan rijiyar burtsatse, kuma yana ta turo ruwa tanki na ambaliya a bayan gida. Cajar waya ko wata guda ta yi tana aiki, da ƙyar ta ci yunit ɗaya. Kuɗin yana tafiya ne a wurin duk abin da ke zafafa wani abu, da duk abin da ke sanyaya wani abu, sai kuma aikin da aka bari aka yi shi da janareta alhali da wutar NEPA za a iya yin sa. A kan waɗannan ukun za mu fi tsayawa.

Mataki na 1: Ka san abin da ake sayar maka

Yunit ake sayar maka. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai jan wat 1,000 za ta ci idan ta yi awa ɗaya tana aiki. Duba bayan kowace na'ura ko ƙarƙashinta, akwai 'yar takarda a manne mai lamba da harafin W, wannan shi ne wat ɗinta. Ninka wat ɗin da awannin da take aiki a rana, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da take ci kullum. A misalan da ke tafe zan yi lissafi da naira 210 a kan yunit don sauƙi. Wanda ke wani rukunin, ko wanda ke Maradi ko Damagaram a ƙarƙashin NIGELEC, ya sa farashin da ke kan rasidinsa, lissafin duk ɗaya ne.

Sai ka duba rasidin katin da ka loda na ƙarshe, ka ga rukunin da aka sa ka. Alkawarin da ke kan Band A shi ne wuta ta aƙalla awa 20 a rana, Band B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Idan ana cajin ka kuɗin Band A amma wutar ba ta kaiwa, kada ka tsaya ga ƙorafi a majalisa. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke, ka haɗa kai da maƙwabtan da kuke layi ɗaya, ku kai ƙorafi a rubuce ga ofishin kamfaninku, ko KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, ko Kaduna Electric, ko JED, ko YEDC, ko AEDC. Ku karɓi shaidar cewa an amshi takardarku. In ba a yi komai ba, akwai ofishin sauraron ƙorafi na hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin. Ƙa'idar NERC ta tanadi a sauke layin da ya kasa cika awanninsa zuwa rukunin da ya dace da shi.

A rasidin kuma ka duba ko ana cire maka tsohon bashi. Mutane da dama sun shiga gidan haya sun gaji bashin wanda ya tashi, kowane kati suka saya ana gutsure wani abu, su kuma suna zargin mita.

Idan ba ka da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo maka, to gaskiyar magana ita ce duk tattalin da za ka yi ba zai bayyana a takardar ƙarshen wata ba. Neman mita shi ne aikinka na farko, ta ofishin kamfani kai tsaye, ba ta hannun ɗan tsakiya ba. Kafin ta samu, ka sani tun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita, kana da haƙƙin tambayar iyakar unguwarku. Amma duk wanda ya zo ya ce zai zagaye maka mita, ka sallame shi. Sata ce, akwai tara da hukunci a kai, kuma irin wannan haɗin na ɓoye yana cikin abin da ke tayar da gobara.

Mataki na 2: Gwada gidan, ko yana yoyon wuta

Wannan gwajin minti goma ne, kuma kyauta. Lokacin da akwai wuta, kashe komai na gidan, ka zare duk filogi daga soket, har firji. Sai ka je gaban mita. Akwai ɗan jan haske da ke ƙiftawa duk lokacin da wuta ke wucewa. Idan komai a kashe yake amma yana ci gaba da ƙiftawa, wuta na zurarewa a wani wuri: ko tsohon wayarin da bera ya gwaigwaya yana taɓa bango mai danshi, ko wani shago ko ɗakin maƙwabci da aka ja wa layi daga naka tun zamanin da ba mita. Kira mai gyaran wuta wanda ka yarda da shi ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya.

Wannan jan hasken zai iya gaya maka abin da kowace na'ura ke ja. A jikin mita za ka ga an rubuta lamba kamar 1000 imp/kWh, wato ƙiftawa dubu ita ce yunit ɗaya. A irin wannan mitar, kunna na'ura guda ɗaya tak, ka ƙirga ƙiftawar minti ɗaya, ka ninka da 60. Idan ta ƙifta sau 20, na'urar tana jan wat 1,200 ke nan. In mitarka a kan falwaya take, akwatin loda kati kawai ke cikin gida, sai ka rubuta ragowar yunit kafin ka kunna abin, ka sake dubawa bayan awa ɗaya.

Daga nan ka ɗauki mako guda kana rubuta ragowar yunit sau biyu a rana, da safe bayan sallar asuba da kuma dare kafin a kwanta. Nan za ka gane ko daren gidanka ne ke cinye kuɗin ko ranarsa, za ka kuma gane ranar wanki da guga ba sai an faɗa maka ba.

Mataki na 3: Masu zafafawa

Hita, dutsen guga, butar lantarki da murhun lantarki, kowannensu na jan wat 1,000 zuwa 2,000. Awa ɗaya ta dutsen guga ta fi abin da kwan LED zai ci a kwana goma.

Mu ɗauki ruwan wanka a lokacin hunturu. Bokiti mai lita 20, don ya yi ɗumin da za a yi wanka da shi, yana buƙatar kamar rabin yunit da ɗan ɗori, abin da hita mai wat 1,500 za ta yi a minti 25. Idan aka manta da ita har ruwan ya tafasa, an ci kusan yunit 2, sannan a dawo a sirka da ruwan sanyi, rabin ya huce kafin na ƙarshe ya shiga banɗaki. A gidan mutum takwas, wannan sakacin kaɗai ya isa ya cinye katin mako. A sa wa hita lokaci, a tsaya a kanta, a zare ta daga soket kafin a sa hannu a ruwan, kuma kada a bar yaro kusa da ita. Mafi sauƙi ma, a cika baƙar jarka ko biyu a ajiye a rana tun hantsi. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumin wankan yara na yamma ba a kashe ko kwabo ba. Ruwan shayi kuwa a tafasa sau ɗaya a juye a filas, maimakon kowa ya tashi ya jona buta.

Guga a tara ta a yi rana ɗaya, lokacin da akwai wutar NEPA. Dutse yana cin wuta sosai wajen ɗaukar zafin farko, don haka goge riga ɗaya kullum da safe ya fi tsada a kan goge bakwai a zama ɗaya. Fara da kayan da ba sa son zafi, ka zo kan shadda da yadi mai kauri a tsakiya, sannan ka zare filogi ka ƙarasa hankici da ƙananan kaya da ragowar zafin.

Mataki na 4: Masu sanyayawa

A nan babban kuɗin yake, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri.

Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin 1.5HP tana jan wajen wat 1,200. Idan ta kwana awa takwas ba ta huta ba, ta ci kusan yunit 10, a wata kusan 290, wato sama da naira 60,000 a ɗaki ɗaya. Sirrin yana wurin hutawar. Kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyin, yakan tsaya ne idan ɗakin ya kai sanyin da aka sa a rimot. Wanda ya sa 16 a watan Afrilu ya ba na'urar aikin da ba za ta taɓa gamawa ba, haka za ta kwana tana gurnani, shi kuma yana ƙudundune cikin bargo. Sa ta a 25 ko 26, ka kunna fanka tare da ita. Iskar fanka na sa jiki ya ji sanyin ya fi haka, kwamfireso kuma ya samu damar tsayawa. Yi amfani da agogon da ke rimot ta kashe kanta wajen ƙarfe uku na dare, lokacin gari ya fara sanyi. Ragar da ke tace ƙura a cire ta a wanke duk mako biyu, a hunturu ma duk mako. A toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a rufe taga ruf. Injin da ke waje kuma a yi masa inuwa ba tare da an toshe masa iska ba. Idan sabuwa za ka saya, nau'in inbata ta fi tsada a shago amma tana rage gudu ne maimakon ta riƙa tashi da tsayawa, don haka cinta ya fi ƙanƙanta.

Fanka ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa. Barin ta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asara ce tsantsa. Fankar sama ta gargajiya na jan wajen wat 75, a awa 12 kullum ta ci yunit 27 a wata. Gida mai fanka huɗu ya haura yunit 100 a kan fanka kawai. Sababbin fankoki masu injin DC suna jan wajen wat 30. Ba sai ka sauya duka a rana ɗaya ba, fara da wadda ta fi daɗewa a kunne, yawanci ta falo ko ta ɗakin uwargida.

Kafin a kai ga na'ura ma, shi kansa ginin yana da nasa. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa ya san bambancinsa da ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin. Yawancin zafin ɗaki ta sama yake shigowa, sai kuma ta bangon yamma da ranar la'asar ke duka. Idan ɗakinka ba silin, saka shi ya fi sayen fanka ta biyu amfani. Farin fenti a kan kwano yana mayar da hasken rana. Rumfar zana ko ta kara a jikin bangon yamma tana aiki tun ranar da aka kafa ta, darbejiya kuma in aka dasa ta a wannan ɓangaren, cikin 'yan shekaru za ta karɓi aikin. Da rana a rufe tagogi a saki labule mai kauri, bayan isha'i a buɗe na ɓangarori biyu iska ta ratsa ta kwashe zafin da bango ya tara.

Sai firji da firiza, waɗanda ba sa hutun dare ko rana. Ɗauki takardar kuɗi ka sa a bakin ƙofar firji ka rufe a kanta, sannan ka ja. Idan ta zare salin-alin ba ta riƙe ba, robar ƙofar ta mutu, sanyi na fita, injin na aikin banza. Sauya roba ba shi da tsada. A janye firji daga bango kamar faɗin tafin hannu, a raba shi da murhu da inda rana ke faɗawa, a goge ƙurar da ke bayansa. Ƙanƙarar da ta taru a bangon firiza in ta kai kaurin ɗan yatsa a kashe a narkar da ita, domin tana hana sanyi isa ga kaya. Kada a fasa ta da wuƙa, ana huda bututun gas a haka. Miya da tuwo su huce kafin a saka. Idan firiza ba ta cika ba, a cike gurbin da robobin ruwa. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana iya riƙe sanyinta kwana ɗaya zuwa biyu bayan an ɗauke wuta, abin da zai hana ka tayar da janareta saboda nama.

A kan tsofaffin firji 'yan Kwatano kuwa, araharsu a ranar saye kawai take. Wanda ya shekara ashirin yana aiki a Turai kafin ya iso nan zai iya cin ninkin abin da sabo ke ci. Gwada naka da hanyar mataki na 2 kafin ka yanke hukunci.

Ba komai ne ma ke buƙatar firji ba. Randa a inuwa, a kan jiƙaƙƙen yashi, tana ba da ruwan da ya ishi mai ƙishi, ta kuma rage buɗe firji sau talatin a rana da yara ke yi. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin. Tumatir da tattasai da yalo da alayyafo suna daɗewa a ciki fiye da a kwando nesa ba kusa ba. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta rani, da damina ƙarfinta na raguwa.

Mataki na 5: Ƙwayayen fitila

Wannan gajere ne. Tsohon kwai mai wat 60 da kwan LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya. Guda goma na tsohon, awa shida a dare, yunit 108 ne a wata, wajen naira 22,700. Na LED yunit 16, wajen naira 3,400. Fara da fitilar ƙofar gida da ta tsakar gida masu kwana a kunne. Ka guji na bakin titi marasa suna da ke dushewa cikin wata biyu, araha ba ta ado.

Mataki na 6: Raba aiki tsakanin NEPA da janareta

Ƙaramin janareta da wuya ya fitar da yunit 2 daga litar fetur ɗaya, sau da yawa ma bai kai haka ba, musamman in kayan da aka ɗora masa kaɗan ne. Ko da a ce lita naira 900 ce, yunit ɗinsa ya haura naira 450, fiye da ninkin Band A, ban da kuɗin baƙin mai da na gyara. Don haka duk wani aiki mai nauyi da zai iya jira, ya jira wutar NEPA: guga, tura ruwa tanki, injin wanki, markaɗe, cajin fitilu da fankoki masu batir. A zauna da mutanen gida a yi yarjejeniya cewa da zarar an kawo wuta, ga abin da za a fara yi, kowa ya san nasa.

Kada a tayar da babban janareta saboda kwai biyu da talabijin. Injin yana shan mai mai yawa don ya juya kansa kawai. Fitila mai caji da fanka mai caji sun isa su kai iyali daga magariba zuwa barci a mafi yawan darare. In kuwa za a tayar, a tara buƙatu a yi su a awa biyu ko uku a kashe. A riƙa wanke soson iska, domin ƙurar hunturu na toshe shi injin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, a duba fulogi, a sauya baƙin mai a kan kari. Kuma don Allah, janareta a waje yake kwana, nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ta sha hallaka iyali guda a cikin barci.

Ruwa ma kuɗin wuta ne a gidan da ke da rijiyar burtsatse. Akwai 'yar na'ura mai yawo a saman ruwan tanki da ke kashe sumo in ya cika, mai gyaran famfo ya san ta, kuɗinta kaɗan ne. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a yini da kwana, ruwan da ko dai sumo ya turo ko an biya ɗan ga-ruwa. Galibi 'yar roba ce ta cinye a ciki.

Mataki na 7: Kicin

Uwargida, wannan ɓangaren a hannunki yake, kuma tukunyar gas mai kilo 12.5 na iya ƙara kwanaki masu yawa da abubuwan da ba sa buƙatar sayen komai. Ki haɗa kayan miya, ki yanka albasa, ki wanke shinkafa kafin ki kunna wuta. Ki rufe tukunya. Da zarar ta tafasa ki rage wutar, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar da ke ƙarƙashinsa, tururi kawai yake ƙarawa. Harshen wuta ya tsaya a gindin tukunya, wanda ya leƙo gefe iska yake dafawa. Launinsa ya zama shuɗi. Idan ya koma ja ko rawaya yana baƙanta tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, ki cire ki wanke ki tsokace su da allura.

Wake ki jiƙa shi tun dare. Ganda da naman kai da ƙafar saniya, masu cinye awanni, tukunyar firesha na gama su a ƙasa da rabin lokacin. Akwai kuma dabarar ƙarasa girki ba wuta: ki bar shinkafa ta tafasa minti biyar, ki sauke da murfinta a rufe, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki cusa a kwando ko kwali. Kafin awa ɗaya ta nuna, ba ƙonewa ba ƙanzo. Wake yana son ya tafasa sosai kamar minti ashirin tukuna, sannan ya yi awa biyu zuwa uku a naɗe. In abincin ya daɗe har ya huce, ki sake tafasa shi kafin a ci.

Duk lokacin da aka sauya tukunyar gas, ki shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo. In kumfar na kumbura, gas na fita. Bayan girki ki rufe daga kan tukunyar. Wajen cikawa kuma a tsaya a ga awon sikeli kafin da bayan an zuba.

Masu gawayi da itace, murhun da aka lulluɓe cikinsa da yumɓu yana tsare zafi fiye da kurfotin ƙarfe zalla ko duwatsu uku a fili. A kare murhu daga iska, a yi amfani da busasshen itace da aka faskara ƙanana, in an gama a kashe ragowar garwashi a adana na gobe. Kaskon wuta kuma kada ya kwana a rufaffen ɗaki da hunturu, gubarsa iri ɗaya ce da ta janareta.

Gidan haya mai mita ɗaya

Inda ɗaki shida ke kan mita ɗaya ana raba kuɗi daidai, babu wanda zai yi tattali, domin mai fanka ɗaya yana biya wa mai firiza da hita. Maganin rigimar shi ne ƙaramar mita ta cikin gida ga kowane ɗaki, wadda mai gyaran wuta zai ɗaura bayan babbar, kowa ya biya gwargwadon abin da tasa ta nuna. Fitilar tsakar gida da sumo a raba su daidai.

Mataki na 8: Sola

Da gangan na bar ta a ƙarshe, domin girman solar da za ka saya ya dogara ne da abin da ka rage a matakan baya. Ga misali. Gida mai kwai shida na wat 60 awa shida, fanka uku na wat 75 awa goma, da talabijin da cajin wayoyi, yana buƙatar wajen yunit 4.8 a rana. Gidan nan dai, in ya koma kwan LED da fankar DC, buƙatarsa ta sauko wajen yunit 1.6. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na farantai da batir.

A arewa muna samun rana mai ƙarfi ta wajen awa biyar zuwa shida. Faranti mai wat 400 zai ba ka kamar yunit ɗaya da rabi a rana bayan an cire asarar zafi da waya. Batirin ruwa mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, amma rabi kawai ya kamata a riƙa sha in ana so ya yi ƙarko. Na litiyam ya fi tsada, sai dai ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa. Ka sa mai haɗawa ya rubuta maka wannan lissafin a takarda, yunit nawa farantai za su kawo, yunit nawa gidan zai ci da dare, kafin ka biya shi.

Farantai su fuskanci kudu, a ɗan karkace da digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke su, kuma kada inuwar tanki ko reshen bishiya ta faɗa ko da a gefe ɗaya, domin tana rage ƙarfin dukan layin. A raba layin soket ɗin guga da hita da sumo daga kan inbatar sola, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, tun wajen haɗawa, don kada wani ya jona bisa kuskure. Batir a ajiye shi inda iska ke shiga kuma ba zafi, na ruwa a riƙa duba shi duk wata ana ƙara masa tataccen ruwan da ake sayarwa don batir (distilled water), ba asid ba, ban da ruwan famfo ko na rijiya. Da hunturu ƙura na iya rufe faranti cikin 'yan kwanaki, sai a riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi.